Akun Yaya da Tulun Inna

Ranar da Yaya zai bar Kurfi, Inna ba ta fito rakiya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ko ido ba ta haɗawa da shi. "Wannan yaron" take ce masa har ya yi gemu. Amma yana fita daga zaure sai ga ta ta lallaɓo, ta durƙusa a inda ƙafarsa ta dama ta taka, ta kwashe ƙasar sawun ta ƙulle a tsumma. Ina tsaye ina kallonta, lokacin ko aure ban yi ba. Ta galla mini harara, na ja bakina na yi shiru, abin da ba kasafai nake yi ba.

Ya bi fatake ne da kanwa da jar fata, suka nufi gabas, ya ce kafin a yi girbi na gaba yana gida. Girbi ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Da farko mukan sami labari a bakin matafiya: wannan ya ce ya gan shi a Yola, wancan ya ce a Garwa, daga baya aka ce ya wuce Gaundare ya gangara kurmi, can inda saniya ba ta rayuwa saboda cizon tsando. Daga nan sai shiru. A cikin wannan shirun aka kai ni aure Kuki, na zauna iyakar zaman da zan iya, na kaso aurena na dawo gida. Mijin ba mugu ba ne, bakina ne ya fi ƙarfinsa, gaskiya ɗaya ce.

Shekarar da aka sami mulkin kai Baba ya rasu. Dillalin hatsi da dabbobi ne, ya bar rumbuna da jakuna da gona, ga shi babu namiji a gidan. Dangi suka fara zuwa gaisuwa suna leƙen rumbu. A nan ne Inna ta shirya ta tafi Wurma wajen wata tsohuwa da ta san kan kiranye, wato yadda ake janyo wanda ya yi nisa ya dawo gida ko yana so ko ba ya so. Tsohuwar ta ce ta sami sabon tulu wanda bai taɓa shan ruwa ba, ta sa ƙullin ƙasar sawun a ciki, kullum da sassafe ta kafa baki a bakin tulun ta kira sunansa, ta rufe da faifai. Ta ce amma sai dai sunan ya fito daga bakin uwa, ba aike. Na san abin da wannan ya ci wa Inna, matar da ko mai irin sunansa aka ambata sai ta sunkuyar da kai. Takan turo ƙyauren ɗakinta ta yi abinta, ni kuwa duk kasa kunnen da na yi, gunji kawai nake ji daga cikin tulu.

Bayan kaka, wata rana da hantsi ina suyar ƙuli-ƙuli, aka yi sallama a zaure. Na leƙa na ga wani dogon mutum ya rame, ƙafafunsa duk faso, rigarsa ta zama tsumma. Ba jaka, ba ƙunshi, ba ko sanda. A kafaɗarsa akwai aku, tsuntsu ruwan toka mai jan bindi, yana karkata kai yana dubana da ido ɗaya. Sai da mutumin ya kira ni da sunan tsokanar da yake kirana muna yara na gane Yaya ne, na saki ludayi na fashe da kuka. Inna ta leƙo ta bakin ƙofa, ta ce mini in ba baƙo ruwa, ta koma ciki. Ranar ta yanka zakaranta da take ji da shi.

Washegari na ga ta ture dutsen niƙa, ta haƙa rami a ƙarƙashinsa, ta ciro ƙullin ƙasar nan daga tulu ta binne, ta mayar da dutsen. Sannan ta aike ni da saƙo, tunda ni ce bakinta a wajensa: in gaya wa wannan yaron, in ya sake sa ƙafa ya nufi gabas, ba ta yafe nonon da ya sha ba. Na kai saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya saurara, ya dubi ƙasa, ya ce to.

Mutanen unguwa suka mayar da gindin tsamiyar ƙofar gidanmu majalisa. Bayan la'asar sai su kewaye shi, ni kuma in rakuɓe a zaure da tiren gyaɗa ina ɓara ina ji. Ya ba su labarin kurmin da rana ba ta taɓa ƙasarsa, mutum ya yi tafiyar yini bai ga inuwarsa ba. Ya ce giwayen can ƙanana ne, haurensu a miƙe, kuma su ne masu yin hanya, hanyarsu mutane ke bi. Ya ce akwai wani fili mai laka a tsakiyar itatuwa inda suke taruwa shan gishirin ƙasa, su da jajayen ɓauna, sai garken aku ya sauko a kansu har wurin ya yi toka-toka. Ya ba da labarin dorinar da ta kife kwalekwalensu da kayan kanwa, da wani baƙin biri da ya fi ƙato girma, mai dukan ƙirjinsa da tafin hannu, wanda in ya taso maka ba a gudu, sai ka tsuguna ka kau da ido. Wani maƙwabcinmu ya ce ashe birin ma ya san alkunya, aka yi ta dariya.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne gajerun mutanen daji, waɗanda ba su noma, ba su kiwo, ba su da rumbu. Ya ce da raga suke farauta, mata na kora maza na tarewa, su hau itacen da ka ɗaga kai hularka ta faɗi don su ɗebo zuma, kuma duk abin da aka samo sai an raba har da wanda bai je ba. Ya ce in suna waƙa kowa da tasa muryar, amma sai ta haɗu ta zama ɗaya, kuma bai taɓa jin abu mai tayar da tsigar jiki kamarta ba. Dattawa suka ce Allah mai iko, wasu suka ce Yaya ya koyo ƙari. Ni dai na lura da abu ɗaya, duk labarin da zai bayar, ba ya taɓa faɗin inda yake kwana da wanda ke dafa masa abinci.

Akun ne ya faɗa. Na saƙa masa keji da kara na rataye a bakin rumfa, ina ba shi gyaɗa da ɗanyen dawa. Da ya huta ya saba da mu, sai ya buɗe baki. Yakan yi ƙarar gatari a jikin itace, da kukan wasu tsuntsaye da ba mu san su ba, da muryar wata mace tana magana da sauri cikin wani yare. Sannan akwai dariya. Dariyar ƙaramar yarinya ce, irin wadda ake yi wa cakulkuli, takan hau ta hau har ta sarƙe. Gidanmu ba yaro, ni Allah bai ba ni ba. Ka yi tunanin kana tsakar gida da rana tsaka, kai kaɗai, yarinya ta ƙyalƙyale da dariya a bayanka. Wallahi sau da yawa na juya da niyyar ɗaukarta. Inna ta ce tsuntsun aljanu ne, a fitar mata da shi, amma Yaya ya aiko ni in ba ta haƙuri.

Duk lokacin da dariyar ta tashi, in yana cin abinci sai ya tsame hannu. Na gaji da gani, wata rana na tare shi yana gyaran akumarin jaki, na ce Yaya, ni ba Inna ba ce, ba alkunya tsakanina da kai, ɗiyar wa ke dariya a bakin tsuntsun nan? Ya ajiye zaren. Ya ce ya yi aure a wani gari na bakin kogi, inda yake fawa, matar ta musulunta, sun sami 'ya mace, ba ta daɗe da fara surutu ba. Akun nata ne, tare suka tashi. Ya ce watanni kafin ya taho ya rasa barci, ya rasa sukuni, kullum da safe sai ya ji kamar ana kiransa daga cikin rijiya. Ran nan ya fita da safe zai haye kogi ya dawo kafin azahar, akun ya hau kafaɗarsa kamar yadda ya saba. Da ya haye, ƙafarsa ta ɗauki hanyar arewa. Yana sane, yana kuka, amma ya kasa juyawa. Da dako da roƙon masu mota ya iso gida, kuma ko sallama bai yi da su ba.

Na ce to me ya hana ka gaya wa Inna? Ya dube ni kamar na yi saɓo. Yarinyar ita ce ta farinsa. Ta yaya zai buɗe baki a gaban mahaifiyarsa ya ce ɗiyata? Kun ji fa. Uwa ba ta iya magana da ɗanta don na fari ne, ɗan ba ya iya ambatar ɗiyarsa don ta fari ce, ga yarinya can bayan duniya tana jiran uban da ya ce yanzu zai dawo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na miƙe ko zanina ban gyara ba na faɗa ɗakin Inna na zazzage mata komai.

Ta saurare ni tana kaɗi, mazarinta bai tsaya ba. Ta ce ɗan kurmi na kurmi ne, dangin uwarta za su riƙe ta. Ta ce ita ma haihuwarsa ta yi, ba daga sama ya faɗo mata ba, kuma ta yi jiran da ya fi na yarinyar tsawo. In yana son 'ya'ya ga 'yan mata nan cike da Kurfi. Na ce mata abin da bai kamata 'ya ta gaya wa uwa ba, ita ma ta ce ba mamaki da gidan miji ya gagare ni. Muka yi kwanaki ba ma ga maciji. Amma ko a cikin fushin ina tausayinta, don na ga yadda takan leƙa ta tagar ɗaki in yana alwala, ta daɗe tana kallon bayansa.

Da rani ya gwada tafiya. Mun kai kaya kasuwar Dutsin-Ma, shi da buhunan gero a kan jakuna, ni da man gyaɗa. Da ya sayar sai ya damƙa mini ragamar jakunan, ya je ya hau motar Kano ya zauna a kan kaya. Ban hana shi ba, addu'a ma na yi masa. Mota ta tashi ina kallo har ta wuce duwatsun bakin gari. Ban gama ɗaure tuluna ba sai ga shi yana tahowa a ƙasa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya ce ƙirjinsa ne ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, ga kuma maganar Inna tana yi masa amo a kunne, sai da ya buga wa direba ya sauka. Ko ƙullin ne ya riƙe shi ko bakin uwa, ni ban sani ba, Allah ne masani. Muka kora jakuna muka dawo Kurfi.

Daga ranar ya daina zama gindin tsamiya. Yana kai hatsi kasuwa, yana dawowa, yana salla, amma mutum ne kawai a tsaye. Yakan zauna kusa da keji da yamma yana jiran dariyar nan. Akun kuwa ya fara ɗaukar namu, kukan jaki, da sallamar masu talla, da tsakina, dariyar tana raguwa. Na sha tunanin in ture dutsen niƙan da kaina, amma Yaya ya ce ko na tone, in ba ita ta sake shi da bakinta ba, aikin banza ne.

Ruwan farko na shekarar ya zo da la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, aka yi iska, sannan aka kece da ruwa mai ƙarfi. Ina madafa, Inna na bakin ƙofarta tana tara ruwan indararo, Yaya na zaure. Akun ya yi ta murna, yana baza fukafukai yana lilo da kai ƙasa, ga alama ruwan ya tuna masa gida. Can sai ya natsu, ya kumbura wuya, ya yi wani abu da bai taɓa yi ba tun zuwansa. Tari ne na ƙaramin yaro, a jere a jere ba numfashi, sannan a ƙarshe a ja iska da wata ƙara mai kama da carar zakara. Daga nan muryar matar nan ta fito tana rarrashi, sai tarin ya sake tashi.

Ƙwaryar da ke hannun Inna ta faɗi. Tsakanin Yaya da ni ta haifi uku, kuma dukansu tarin shiƙa ne ya ɗauke su, biyu a damina ɗaya. Ba wanda zai gaya mata wannan sautin. Ta tako cikin ruwan nan ba mayafi, ta zo ta tsaya gaban keji tana kallon tsuntsun har ya sake yi. Yaya ya fito daga zaure ya tsaya shi ma, ruwa na dukansu su biyu. Na jira ta juyo ta ba ni saƙo kamar kullum. Sai na ga ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido.

"Haka ka baro ta?"

"Haka na baro ta, Inna. Zuma na fita nemo mata."

"Tsuntsu ba ya ɗaukar abin da ya ji sau ɗaya," in ji ta. "Ta daɗe tana yi."

Ya ce ta daɗe. Ban taɓa jin sun yi magana baki da baki ba sai ranar, kuma iyakarta ke nan. Inna ta juya ta nufi dutsen niƙa, ta ce in zo in kama mata. Muka ture shi, ta sa hannu cikin laka ta tono ƙullin, tsumman har ya fara ruɓewa. Ta shiga ɗaki ta fito da tulun ta buga shi da ƙasa. Sannan ta miƙa wa Yaya ƙasar sawunsa, ta ce ta yafe, duniya da lahira, ya je ya gano. Dukanmu mun san lissafin da ba wanda ya faɗa: tun kafin kaka ya baro ta, ga shi har an yi ruwan shuka. Ko ta warke tuntuni, ko kuwa an daɗe da binne ta.

Da safe ya shirya. Na ce ya tafi da akun, ya ce a'a, hanya ta yi nisa, da ƙyar ya iso da shi da rai. Ya ce in riƙe wa yarinyar, in Allah ya yarda zai kawo ta ta karɓi abinta, ta ga kakarta. Wannan karon Inna ta fito har zaure. Ƙasa a jiƙe take, sawunsa ya fito raɗau a ƙofar gida, kowane yatsa ana gani. Na ga ta tsaya tana duban sawun, sai ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya. Ni na raka shi Dutsin-Ma, na zauna a tasha har rana ta yi sanyi ko zan ga ya dawo a ƙasa. Bai dawo ba.

Wani bafatake ya ce ya gan shi a Gaundare yana neman motar kudu, lafiyarsa ƙalau, yana sauri. Wannan ne labarinsa na ƙarshe da ya iso Kurfi. Inna ta sayar da jakunan, ta ba da gona noma, muka ci gaba da ƙuli-ƙulinmu. Matar da ta ce a fitar mata da tsuntsun aljanu, ita ce ta ɗauke kejin ta kai ɗakinta, tana tauna masa gyaɗa tana ba shi. In an yi ruwa ya fara tarin nan, ba ta hana shi, sai ta zauna ta ji har ƙarshe. Mutane sun sha ba ta shawara ta koma Wurma, ta ce ita da kiranye har abada, in yarinyar na da rai ta fi ta bukatarsa. Ta rasu a shekarun yaƙin basasa, ba ta sake ganinsa ba.

Bayan an yi sadakar arba'in na dawo da kejin bakin rumfa. Wata safiya ina hura wuta, sai na ji muryar Inna a bayana, sak, har da 'yar rawar da ta yi da tsufa. Sunan Yaya ta kira. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba tunda aka haife ni, sai a bakin tsuntsu, ita tana kabari. Ba irin gunjin cikin tulu ba ne. A hankali ta faɗe shi, yadda mutum ke faɗin abu shi kaɗai a ɗaki don ya ji daɗinsa a baki. Na zauna daɓas a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ta.

Da na share hawaye sai tsoro ya kama ni. Tsohuwar Wurma cewa ta yi in dai sunan ya fito da muryar uwa da sassafe, wanda aka kira ba shi da sauran sukuni. Ga muryar uwa, ga safiya, kuma tsuntsu bai san alkawari ba. Ina son ganin Yaya, Allah ya sani, shi kaɗai ya rage mini. Amma na tuna mutumin da ya fita neman zuma ya kasa juyawa. In ya tarar da ita da rai, to a bar shi ya zauna, kada a sake raba su. Na ajiye wani tsohon zanin Inna kusa da kejin, kuma na gane alamarsa, yakan sunkuyar da kai ya kumbura wuya kafin ya fara. Akun ya yi shekaru masu yawa a hannuna, na sake aure na tafi da shi, gashina ya yi fari yana nan. Kowace safiya da na ji Inna ta ɗauko harafin farko sai in jefa masa zanin, kuma har ya mutu ban sake barinsa ya ƙarasa sunan ba.